Karan da Aka Sayar: Yadda Leƙen Asirina Ya Kai Mu Ya Baro a Gonar Kawu

Ranar Asabar ɗin da aka sa, bayan mun idar da azahar, muka shiga gonar Kawu muka tarar da gefen arewa fetal. Karan dawar da na ɗora dukan shirinmu a kansa, ko sili ɗaya babu a tsaye, sai tushiya da sawun amalanke. Yayana, wanda shi ne jagoran ɓangarenmu, ya dubi filin, ya dubi takardar da na zana masa, sannan ya dube ni. Bai ce uffan ba. Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni ne ɗan leƙen asirin ɓangarenmu na shuɗaye a wannan wasa na eyasof (airsoft), wato wasan yaƙi da bindigar roba, kuma bayanin aikin nawa ne zan kawo, da inda ya karkace.

Ga wanda bai san wasan ba, eyasof ana yinsa ne da bindigogin roba masu kama da na gaske, sai dai abin da suke harbawa ƙwaya ce ta roba mai faɗin milimita 6, kamar ƙwayar ƙaramin carbi. A Japan aka fara shi cikin shekarun 1970, ƙasar da dokarta ta tsananta wa farar hula mallakar bindiga, kuma a 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir, irin wadda yawancinmu ke riƙewa. Ƙwayar ba ta barin fenti a jiki, don haka wasa ne na amana: in ta same ka, kai da kanka za ka ɗaga hannu ka ce "an same ni", ka fice. Nau'in da muka yi na kwaikwayon yaƙi ne, wanda ake ƙayyade wa kowa ƙwaya, a ba kowane ɓangare aiki, a sa lokaci. Mu sha biyu, su sha biyu, kowa ƙwaya ɗari da hamsin. Aikinmu mu ɗauko tutar jajaye mu kawo ta sansaninmu cikin minti arba'in da biyar, nasu su hana.

Akwai abu ɗaya da komai ya rataya a kansa: ƙwayar ba ta da nauyi. Wadda aka fi amfani da ita giram 0.20 ce. Tana fita da gudun kimanin mita 100 a sakan, amma kafin ta kai mita hamsin ta gaji, iska kaɗan sai ta kautar da ita. Shi ya sa a wasan nan ba mai tsadar bindiga ke ci ba, wanda ya iya matsowa ba a gan shi ba shi ke ci. Matsowa kuwa sai da sanin ƙasa.

Kafin ƙasa, mutane

A Katsina muke. Jihar da a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara, jihar da a Oktobar 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma saboda 'yan bindigar daji. A irin wannan wuri, samari ashirin da huɗu su ɓulla cikin gona da abin da ya yi kama da bindiga, wanda ya hango su daga nesa ba zai tsaya tambayar ko roba ce ba. Don haka muka zaɓi gonar Kawu da ke gabashin birni ta hanyar Daura, mai katangar bulo zagaye. Kawu da kansa ya kai mu wajen mai gari, daga nan muka je ofishin 'yan sanda da takarda, muka nuna musu bindiga ɗaya da ƙwayarta, aka rubuta rana da lokaci. Kakin soja ko mai kama da shi muka haramta wa kanmu, tunda sojoji sun sha gargaɗin farar hula a kai. Rigunan ƙwallo muka sa, ja da shuɗi, kowace bindiga aka naɗe bakinta da salatif ruwan lemo, kuma ba ta fita daga jaka sai an rufe ƙofar gona. Wani daga cikinmu ya so ya kawo ƙaramin jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoton filin, aka taka masa burki, domin tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba mu da wannan ƙafar.

Wannan ɓangaren mun yi shi daidai, ba zan ja shi ba.

Yarjejeniyarmu da jajaye ita ce kowane ɓangare ya tura mutum ɗaya ya zaga gonar sau ɗaya kafin ranar, duk ranar da ya ga dama. A ranar wasa kuma a ba 'yan leƙe biyu-biyu minti ashirin kafin usur, babu harbi.

Zagayen da na yi

Na fara da hoton tauraron ɗan'adam na Google a waya, nan da nan na gane ba zai kai ni ko'ina ba. Hoton damina ne, gonar kore shar, kuma tsoho ne, don kangon gidan kajin da Kawu ya fara ginawa ya tsaya ko alamarsa babu. Iyakar abin da na ƙaru da shi girman wurin ne: kimanin mita 300 daga gabas zuwa yamma, 200 daga kudu zuwa arewa, wato hekta shida.

Saura kwana tara na je da ƙafata, ƙarfe takwas na safe, cikin sanyin hunturu, gari shiru babu iska. Na riga na auna takuna a filin ƙwallo, taku 130 ke ba ni mita ɗari. Ina cikin ƙirga sai Baba mai gadi ya fito daga bukkarsa, lulluɓe da bargo.

"Barka da asuba, Baba. An tashi lafiya?"

"Lahiya lau, ɗana. Mi ake aunawa haka? Ko Alhaji zai saida gonar ne ba a hwaɗa mani ba?"

Na yi dariya na bayyana masa. Ya girgiza kai irin na wanda ya ga ƙarshen zamani, amma ya bi ni a baya muna tafe yana magana, ni kuwa rabin hankalina na kan ƙirga.

Ga abin da na zana. Kangon yana tsakiya, ya ɗan karkata yamma, bulo ya kai kafaɗa, da taga biyu masu kallon gabas. Bayansa tankin ruwa bisa ƙarfe, kusa da rijiyar burtsatse. Jerin itatuwan bedi ya bi katangar kudu. Kwarin da ruwan sama ya haƙa ya taso daga kusurwar arewa maso gabas, ya ratsa gonar a karkace, ya wuce kudu da kango. Galibinsa zurfinsa ya kai ƙirji, amma akwai wuri a tsakiya, taku ashirin, da bai wuce gwiwa ba. A arewa kuma karan dawa, an cire zangarniya an bar shi tsaye, ya fi tsawon mutum, ya miƙe tun daga gabas har ya rage mita talatin da biyar a taɓa kango. Da na ga wannan sai zuciyata ta yi fari. Mutum takwas za su shige cikinsa ba wanda ya gan su sai sun zo inda ƙwaya ke kaiwa.

Kwarin na ɗauke shi hanya ta biyu, in ta farko ta ƙi. Don kada mutanenmu su ruɗe a inda ya rabu biyu, na yayyage shuɗiyar leda na ɗaure a rassan sabara wuri huɗu. A lokacin gani nake na yi dabara.

Abu uku Baba ya faɗa mini a wannan tafiya. Ya nuna mini giɓi a katangar kudu, ya ce ɗiyan maƙwabta ta nan suke shigowa ɗibar ruwa bayan la'asar, wani lokaci da awaki. Wannan na rubuta, na ja masa layi biyu. Ya ce kwarin cike yake da ƙarangiya, in za mu bi mu sa wando mai kauri. Na rubuta, amma ban isar ba. Na ukun kuwa ina tsakiyar ƙirga ya faɗe shi, kamar mai magana da kansa: "Karan ga ai an biya kuɗinshi." Na ce "to, Baba", na ci gaba, tamanin da ɗaya, tamanin da biyu. Kunnena ya ji, alƙalamina bai ji ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kara ba ya daɗewa a gona bayan kaka. Masu kiwo na so, masu danni da zana na so, mai tuwo ma na so. Ni ma na sani. Ina son karan ya tsaya ne kawai, shi ya sa na bar shi a tsaye cikin takardata.

Akwai kuma zaɓin gefe. Mun ci ƙuri'a, Yaya ya tambaye ni, na ce gabas. Dalilina shi ne da na tsaya a gabas da safen nan, rana na bayana, komai na yamma ya fito tar kamar a tafin hannu. Ban tambayi kaina ƙarfe nawa za a yi wasan ba.

Abokan karawa

Jagoran jajaye abokin Yaya ne tun firamare, mai shagon gyaran waya, mutum mai haƙuri irin na masu kunce ƙananan kusoshi. Duk satin nan yana sa hotuna a WhatsApp: shi da yaransa, a gabansu wata doguwar bindiga mai madubi a bisa. Irin wannan kan kai ƙwaya nesa fiye da namu, musamman da ƙwaya mai nauyi. Na rubuta ta a saman takarda da manyan baƙaƙe. Na kuma jera mutanensu gwargwadon sanina: biyu 'yan ƙwallo ne masu gudu, uku sababbi ne masu ɓarin ƙwaya, ɗaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Wannan jeri bai yi ƙarya ba, don zaman tare ne ya ba ni shi, ba hoto ba.

A minti ashirin ɗin ranar wasa na fita da ɗan Kawu, ƙanena ɗan shekara sha tara, wanda ya yi kiwon tumaki a gonar nan yana yaro. Muka ja ciki har gindin wani gawo. Gawo ai sai da rani yake ganye, don haka ya ba mu inuwa mai duhu, ga kuma tudun gara a gindinsa. Na sa madubin hangen nesa. Hazo ya sauko, iska ta taso daga arewa maso gabas tana kaɗa ƙura. A kango na ga mutum biyar suna kai da kawowa. Na ga jajayen huluna uku sun leƙo ta saman bulo. Na ga bakin doguwar bindiga ta taga.

Yaron ya taɓa ni ya ce a hankali, "Yaya, hulunan can uku tun ɗazu ba su motsa ba."

Na ce masa horo ne da su, ya yi shiru. Na danna oba-oba.

"Yaya, takwas a kango, da mai doguwar bindiga a taga ta hagu. Huɗun da suka rage suna gadin tuta a bayan tanki."

A duba wannan rahoto da kyau, domin nan ne ainihin lamarin. Biyar na gani, na ce takwas. Bakin bindiga na gani, na ce mai bindiga. Bayan tanki kuwa idona bai kai can ba sam, tutar ma ban gan ta ba. Lissafi na yi, sha biyu a cire takwas, sannan na ajiye huɗun a inda ni zan ajiye su da ni ne jagoransu. Duk na faɗe su da murya ɗaya, ba wurin da Yaya zai gane ga gani, ga zato. Shi kuma a hannunsa ga shirin da ya riga ya rushe tun a bakin ƙofa, ga minti kaɗan. Ya yi abin da kowa zai yi da irin wannan labari: ya bar huɗu su riƙa ɗauke hankalin kango daga nesa, ya tura takwas ta kwari su zagaya tanki.

Ina cikin takwas ɗin. Tun kafin mu yi nisa ƙarangiya ta kama safa da gwiwar wando, masu gajeren wando suka fara tsayawa suna cira, layinmu ya tsinke gida biyu. Da na gaba suka iso inda kwarin bai wuce gwiwa ba, sai muka ji ƙwaya na sauka kamar ana watsa tsaba. Mutum bakwai ne kwance a gindin bedi, mita talatin daga wurin. Cikin minti biyu shida daga cikinmu sun ɗaga hannu. Waɗanda suka mayar da harbi, iska ta riƙa tura ƙwayarsu hagu. Su kuwa, daga baya muka ji, giram 0.28 suka zuba, wadda ta fi jure iska. Zagaye na farko ya ƙare ko ƙyallin tuta ba mu gani ba.

Da aka tashi la'asar jagoran jajaye ya ja ni zuwa kango yana murmushi. Huluna uku a kan sanduna. Doguwar bindigar kuwa matacciya ce, tun bara ba ta harbi, an ɗora ta kan bulo biyu. Tutar tana nan cikin kangon, mutum biyar kacal ke tsaronta, uku daga cikinsu sababbin nan masu ɓarin ƙwaya. Da mun taho mu sha biyu kai tsaye, ko ta filin da aka share, da wuya su tare mu.

"Yaya aka yi ka san ta kwari za mu biyo?" na tambaye shi.

Ya zaro shuɗiyar leda daga aljihu ya miƙo mini. Shi ranar Alhamis ya zo, saura kwana biyu, kuma da yamma, daidai lokacin wasa. Ya tarar ana loda karan a amalanke. Ya ga ledojina, ya bar uku ya ɗauki ɗaya. Ya kuma zo wa Baba da goro, suka zauna a inuwa suka yi hira, Baba ya ba shi labarin yaron Alhaji da ya daɗe yana ƙirga a cikin kara da cikin kwari. Ban ga laifin Baba ba ko kaɗan, ba wanda ya ce masa sirri ne. Yaƙi ɗan zamba ne, na sani, amma zambar nan ni na kai masa kayan haɗa ta.

Wani lokaci nakan tuna cewa a ƙasar nan aikin magewayi, wato ɗan leƙen asirin yaƙi, ba wasa ba ne a da. Bayan Ummarun Dallaje, mai tutar jihadin Shehu, ya karɓi Katsina a 1807, Haɓen da suka koma Maraɗi sun shekara da shekaru suna kawo hari, har zamanin sarkinsu Ɗanbaskore. Magewayin da ya ƙirga huluna ya ce mutane ne a wancan lokaci, ba ɗaga hannu za a yi a koma inuwa a sha ruwan leda ba.

Zagaye na biyu

Bayan salla Yaya ya zaunar da ni. Ya ce daga yanzu duk abin da zan faɗa a oba-oba in fara da ɗayan uku: "na gani", ko "an faɗa mini", ko "ina zato". Ya kuma karɓe madubin daga hannuna ya ba ɗan Kawu. Abin ya yi mini ciwo, amma daidai ne.

Nan zaɓin gabas ya fito da haƙoransa. Rana ta sauko yamma, ta haɗu da hazo, duk wanda tabarau ɗinsa na kariya ya ɗan goge sai ya ga fari fat a gabansa. Cire tabarau kuwa haramun ne a fili, ƙwayar nan tana fasa ido. Yarjejeniya ta ce ba a sauya gefe, don haka sai haƙuri.

Rahoton yaron ya zo gajere. Ya ga shida a bedi, ya ƙirga su da motsinsu. Ya ga biyu a kango. Huɗu bai gan su ba, bai kuma ce ga inda suke ba. Yana zaton an mayar da tuta bayan tanki, saboda ya ga ɗaya daga cikin 'yan ƙwallon nan ya je can sau biyu ya dawo hannu wofi. Da wannan Yaya ya san abin da zai jingina da shi da abin da zai taka a hankali. Ya tura uku su yi hayaniya a kwari, inda jajaye ke jiranmu, sauran muka bi katangar arewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya san wata magudanar ruwa da ba ta cikin taswirata, ya ja ciki a cikinta har ya rage taku goma sha biyar ya taɓa ƙarfen tanki.

Sai usur, sau uku. Alƙalin da muka tsayar a giɓin kudu ne. Yara huɗu da jarkoki da awaki sun iso. Kowa ya cire gidan ƙwaya ya sauke bindiga ƙasa, ya tsaya inda yake, kamar yadda aka yi alkawari. Alƙalin ya rako su har bakin famfo. Ɗan Kawu na kwance cikin rairayi, akuya ta zo ta shinshina ƙafarsa bai motsa ba. Wata 'yar yarinya mai ɗan kwali ja, ba za ta wuce shekara shida ba, ta aje jarkarta ta leƙa magudanar, ta ce da ƙarfi, "Laa, Yaya, sannu! Mi kake yi nan?"

Har jajaye sai da suka faɗi don dariya. Alƙali ya ce a koma yadda ake, amma idon da ya gani ba a ce masa bai gani ba. Ana busa usur aka same shi. Sai dai zatonsa ya tabbata, tutar na bayan tanki, kuma yayin da hankalinsu ke kansa biyu daga cikinmu suka shiga ta arewa suka fizge ta. Lokaci ya cika mai ɗauke da ita yana mita arba'in daga sansaninmu. Biyu da nema kenan.

Har yanzu ana gardama a ɓangarenmu ko tsayawar nan ce ta kashe mu. Ni ban yarda ba. Na san da zuwan yaran tun saura kwana tara, na sa an tsare lafiyarsu, amma ban taɓa tunanin cewa famfon da suke zuwa yana jikin tankin da nake tsammanin tuta ba. Labarin na hannuna, a shafi ɗaya ma, ban haɗa su ba.

Washegari muka koma tsintar ƙwaya, don Baba ya ce kajinsa na ɗauka tsaba ce. Mun yi alkawarin wasa na gaba da irin wadda ke ruɓewa a ƙasa za mu zo. Wannan karon na riƙo goro, na zauna a bakin bukka, na buɗe sabon shafi na ce ya faɗa mini duk abin da za a taɓa a gonar nan kafin azumi. Ya ɓare goron ya daɗe yana tauna.

"Kangon ga za a yi mashi rufi wata mai zuwa, kaji za a zuba. Kwarin kuma Alhaji ya ce a jera buhunan ƙasa kahin ruwa ya sauka." Ya leƙo takardar. "Ka rubuta kuwa, ko ƙirga kake?"